Lawan Tsohuwa da Motar Soja

Ni fa ba ni na kai kaina ba, ku fara riƙe wannan tukuna. Duk wanda ya ce muku Lawan ya shigo gareji don son ƙarfe, ƙarya ya shara muku. Da kunne aka jawo ni, kunnen hagu, har gobe in hadari ya haɗo sai na ji yana min zogi. Maganar motar sojan nan ma da kuke ta damuna in ba ku labarinta, jefa ni aka yi ciki, ba wanda ya tambaye ni. To tunda yau kun ajiye waya kun zauna, ku matso. Kai mai jar hula, sauka daga kan batirin nan, ba kujerar gidanku ba ce.

Ina zaman zamana a tashar Wudil, ina cin duniyata da tsinke. Makaranta a aji biyar na bar ta, don ni da lissafi mun duba mun ga ba za mu iya zama gida ɗaya ba. Da safe in taya 'yan kamasho ihu, "Kano, saura mutum ɗaya!" alhali ko direban bai gama shan koko ba. In rana ta ɗaga kuma in buɗe ainihin sana'ata, wato kwaikwayo. Babu tafiyar da ban iya ba: ta ɗan sanda, ta mai unguwa, ta dillalin shanu in ciniki ya faɗa. Amma wadda ake taruwa a kanta ita ce ta tsohuwa za ta hau mota. In dafe ƙugu, in ɗaga ƙafa in fasa, in yi salati, in zagi karen mota. Wata Juma'a ina tsakiyar yi, tasha ta kaure da dariya, sai na ji dariyar ta ɗauke ɗif. Ina waiwayawa na ga kawuna. Kunne ya kama, bai saki ba sai a gindin gada, a gaban Maigida Tanko mai ɗaura bodin mota.

"Ga shi nan, Malam Tanko," in ji kawu. "Bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ka juya min su."

Maigida ya dube ni sama da ƙasa, ya tofar da tukar goro, ya ce, "Zai yi." Shi ke nan aka gama shawarar rayuwata, ina tsaye ina murza kunne.

Ku yanzu kuna ganin aikin nan wasa ne. Ku jona injin walda, ku ɗauko injin yanka, kafin azahar kun liƙa ƙarfe da ƙarfe kun ce kun yi bodi. Mu ba mu da lantarki a gindin gadar nan. Huda ƙarfe da hannu ake yi, kana juyawa wani yana ɗiga maka baƙin mai, kafaɗarka ta mutu kafin rami ya fito. Muna da zuga-zugi irin na maƙera, da zarto na mutum biyu, da wata ƙatuwar guduma da muke kira Liman, don in ta yi magana kowane ƙarfe sai ya bi. Na daɗe ban taɓa ko sifana ba. Aikina miƙar da tsofaffin ƙusoshi da wanke noti a kananzir. In na yi ƙunƙuni Maigida ya ce, "Wanda ya raina ƙusa, a tsakiyar daji bodi yake watse masa."

A can shekarar fari ta same ni. Gyaɗa ba ta yi ba, gero ya ƙone a tsaye, motocin da muke ɗaura wa bodi duk aka jingine su a kan duwatsu. Shanun kasuwar Kara kuwa daga kan gada kana hango haƙarƙarinsu. Muka koma ƙera amalanke da liƙe bokiti. Waɗansu masu garejin sallamar yaransu suka yi. Maigida bai kori ko ɗaya ba. Ya sayar da rediyonsa, abin da ya fi so bayan goro, kuma duk abin da aka dafa a gidansa, ko rama ce da ƙuli, a tsakiya ake ajiyewa, shi ne na ƙarshen sa hannu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.

Sai kuma Allah Ya buɗe. Kuɗin fetur suka shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi babur. Malamin firamare ma sai ya zo ya ce a jera masa madubai a gaba kamar shagon aski. Motocin siminti ba sa yankewa a kan gada. A wannan lokacin ne soja suka fara gwanjon tsofaffin motocin da suka rage daga yaƙi.

Ranar kasuwa aka kawo mana motar da nake ba ku labari. Isuhu direba ne ya tuƙo ta daga Kano, Alhaji Sule dillalin shanu yana gefe yana ɗaga wa mutane hannu kamar sabon gwamna. Babu wanda ya tsaya amsa masa. Masu nono suka kwashi ƙorai, masu rake suka yi cikin lungu, abokaina na tasha masu cika baki kuwa sai ƙeyarsu na hango. Doguwa ce, koriya mai duhu, tayarta ta kawo min ƙirji, kuma da duk ƙafafunta take ja in an shiga taɓo. A baya akwai dogayen bencina na ƙarfe da tamfol mai warin tsohuwar rijiya. Hawa kuwa sai ka yi tsalle ka kama, wani na sama ya ja ka.

Bayan an gama gaisawa, an tambayi gida da kasuwa da gajiya, Alhaji ya ja Maigida gefe. Ni kuma na matsa kusa ina wanke notin da na riga na wanke.

"Malam Tanko, ba don haya na saye ta ba. Don Inna na saya."

Inna mahaifiyarsa ce, tana ƙauyen Achika. Ƙafarta ta hagu ta kumbura da wani gyambo da ya ƙi warkewa. Likita a Kano ya ce a riƙa kawo ta ana wankewa, in aka yi sake ƙafar za a rasa, ko abin ya wuce ƙafa. Da rani ƙaramar mota tana lallaɓawa ta shiga. Da damina hanyar sai jaki, ita kuma ba ta iya zaman jaki. An yi an yi ta dawo Wudil da zama, ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya bar ta.

"Sai dai akwai wani hanzari," in ji Alhaji, ya rage murya. "Ƙanena Habu, autanta, irin wannan motar ce ta tafi da shi lokacin ɗaukar soja. Tana tsaye aka ja shi sama. Bai dawo ba, ko takalminsa ba a kawo mana ba. Ta ce ko gawarta kada a sa a motar soja. Don haka so nake ka ɓatar min da kamanninta gaba ɗaya. In ta tambaya, motar gyaɗa ce."

Maigida ya daɗe yana tauna goro. "Alhaji, ni bodi nake sauyawa, ban iya sauya asali ba. Ƙaryar kai za ka yi abarka, ban da ni a ciki. Wace ƙafa ka ce?"

"Ta hagu."

"Da wane hannu take dafawa in za ta tashi?"

Alhaji ya ce, "Haba Malam Tanko, mota fa na kawo maka."

"Motar ai ga ta ina gani. Mai shiga ce ban gani ba." Sai ya juyo kaina. "Kai mai wanke noti da kunne. An ce ka iya tsohuwa?"

Na ce, "Maigida, ai na tuba tun ranar da aka kawo ni."

"To ka ɗaga tuban zuwa bayan damina. Gobe za ka raka ni Achika."

Da kekunan aro muka je, a matsayin mutanen Alhaji da suka zo dubiya. Mun same ta a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, 'yar ƙaramar mace, yanar ido duk ta rufe mata gani, ƙafar a naɗe da tsumma. Maigida ya riga ya ce min in rufe baki in buɗe ido. Da za ta tashi alwala na ga yadda take yi. Hannun dama a bango. Ƙafa mai lafiya gaba, sannan ta jawo ta hagun ta ajiye kusa da 'yar'uwarta, ta huta, sannan ta sake. Kuma ba ta ɗaga ƙafa ta wuce tsayin dokin ƙofarta. Maigida ya sunkuya kamar zai gyara takalmi, ya auna dokin ƙofar da yatsunsa.

Da ta dawo ta zauna sai ta juyo wajen da nake. "Wannan yaron da ya yi tsit, ɓarawo ne ko mara lafiya?"

Na ce, "Inna, ladabi ne."

"Ladabin ƙarya. Wannan murya ta ɗan tasha ce, irin masu cewa saura mutum ɗaya."

A hanyar dawowa Maigida ya ce, "Ka ji ko? Idon ya tafi, kunnen yana nan daram. Alhaji zai sha mamaki."

Da sifirin muka fara, wato jerin fallayen ƙarfen da ke rage wa mota girgiza. Motar soja an yi ta ne don ɗaukar ƙarti da kayan yaƙi. In babu nauyi a kanta, ko kan kiyashi ta taka sai haƙoranka sun haɗu. Muka ɗaga ta a kan jak da kututturan itace, muka kwance sifirin, Maigida yana zare falle yana mayarwa. In ka zare da yawa ta zauna kamar tunkiya mai ciki. In ka bar da yawa ta yi ta harbi kamar jaki. To yaya za a gane daidai? Ku yanzu kwamfuta kuke jonawa. Mu a lokacin ni ne kwamfutar. A shimfiɗa katifa a baya, a zaunar da ni, a ɗora min ƙwarya cike da ruwa a cinya, Isuhu ya ja mu hanyar Dagumawa inda ramuka suka fi yawa. Ruwan da ya rage a ƙwarya shi ne makin da muka ci. Ranar farko ko na kurkure baki bai rage ba. Na sauko wandona sharkaf, yara suka biyo ni da waƙa wai na yi fitsari. Maigida ko murmushi bai yi ba, sai ya ce, "A sake ɗagawa." Muka yi ta yi, a zare, a mayar, a ƙara buhunan yashi can ƙarshen baya don su danne ta. A nan muka gane cewa in na zauna dab da bayan direba, tsakanin tayar gaba da ta baya, ruwan ya fi zama lafiya. Maigida ya zana wurin da gawayi ya ce, "Nan ne ɗakin Inna."

Ɗakin da katakon maɗaci muka yi shi. Taga mai raga a kowane gefe, rufin kwano a sama, tabarmar kaba a ƙarƙashinsa don kada zafi ya dafa ta, katifar rimi, da wurin ajiye buta yadda ba za ta kife ba. Sauran bayan aka bar wa Alhaji ya sa hatsinsa da tumakinsa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya sha mana kai shi ne matakala.

Ku duba lissafin, ni da na guje shi a makaranta ya biyo ni gareji. Daɓen motar yana ƙirjina. Inna ba ta ɗaga ƙafa ta wuce dokin ƙofa. Ke nan matakalar sai ta yi tsawo, in kuma ta yi tsawo ba a tafiya da ita a buɗe. Maigida ya fasa ƙofa a gefe, ya sa muka yanka ƙarfen bencinan da sojoji suke zama a kai, da shi aka ƙera matakala mai naɗewa biyu, da sarƙa mai riƙe ta. In ka saki sarƙar a hankali, sai gabanta ya fara sauka, sannan bayan ya biyo, kamar raƙumi zai durƙusa.

Sai aka zo gwaji. Aka ɗaure min katako a ƙafar hagu tun daga gwiwa, aka naɗe da tsumma, aka yafa min wani siririn mayafi a fuska yadda sai dishi-dishi nake gani. Maigida ya ce, "Hau." Masu wankin mota a bakin kogi suka taru, masu facin taya suka taru. Ni kuwa da na ga jama'a sai tsohuwar sana'a ta motsa. Na dafe ƙugu, na yi salati, na fara zagin karen mota. Aka fashe da dariya.

Maigida ya buga Liman a ƙasa. "Kada ka yi min ta tasha. A tasha dariya kake nema. Ni nan Inna nake nema. Yi min ita yadda ka gan ta."

To a nan na san kwaikwayo iri biyu ne. Na sa hannun dama, na miƙa ƙafa mai lafiya, na jawo ta katakon zan ajiye kusa da ita, sai babu wuri, faɗin matakin na ƙafa ɗaya ne. Na tafi da baya, tim! Maigida bai tambayi lafiyata ba, matakin ya je yana dubawa. Aka kwance, aka faɗaɗa. Aka sa ƙarfen dafawa a dama, hawa ya yi daɗi. Da na juyo zan sauko, sai ƙarfen ya koma hagu, hannun daman ya kama iska, na sake shan ƙasa. Aka ƙara na ɗaya gefen. Aka watsa ruwa a kai don a ga yadda za ta yi da damina, na zame har ƙasa. Aka yanka tsohuwar taya aka buga a kowane mataki. Kullum da safe kafin in karya sai an ɗaura min katako. Ko mai ƙosai ta daina ce min Lawan, sai "Tsohuwa, na nawa za a ba ki?"

Alhaji kuma hankalinsa duk yana kan fenti. Ya ɗauko mai zane daga Kano, aka shafe koren nan da ruwan ɗorawa da shuɗi, aka zana furanni da ɗawisu, aka rubuta Albarkar Uwa a goshinta. Ya sa aka ƙara mata salansa mai rage ƙarar inji, a kan kwalta sai ka ce ƙaramar mota. Wata rana ya zo ya tarar ana ɗaura min katako, ga gabas ta fara yin baƙi, sai ransa ya ɓaci.

"Malam Tanko, ruwa ya kusa sauka, kana nan kana wasan yara da matakala! Ai mu huɗu za mu kama ta mu ɗaga mu saka, a wuce wurin."

Maigida ya ajiye sifana. "Ku ɗaga ta sama? A wannan motar? Bayan abin da ka gaya min da bakinka?"

Alhaji ya gyara hula, ya hau babur ɗinsa. Bai sake zancen ba.

Ruwan farko bai yi yawa ba. Na biyu ne ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Washegari da hantsi wani ya iso a jiƙe daga Achika, ya ce ƙafar ta tashi, ga zazzaɓi. Fentin ƙofar ma bai gama bushewa ba muka kama hanya: Isuhu a sitiyari, Alhaji da Maigida a gaba, ni a ɗakin Inna ina riƙe da sarƙa. Lafiya lau muka tafi har fadamar da ke kafin gari. Nan taɓo ya kama mu har cibiyar taya. Isuhu ya sa ƙaramin giyan nan mai ja da duk ƙafafu, sai motar ta saki wani kuka, dogo, siriri, kamar kura ta ga nama a rataye. Ashe wannan kukan ba a salansa yake ba, a cikin giya yake, babu fentin da zai rufe shi. Ta tagar baya na ji Alhaji yana cewa, "Ba za ta ji ba, ai da nisa."

Mun tarar an fito da ita ƙofar gida a kan tabarma, mata a bayanta, maza a gefe. A gaba kuma ga Baffa Ado, ƙanin marigayi mijinta, dogo mai sanda, wanda duk maganar da za a yi a gidan sai ya sa baki. Isuhu ya juya motar ya daidaita ƙofar gefe da tabarmar. Alhaji ya sauka ya tsuguna, ya gaishe ta, ya tambayi jiki, sannan ya ce, "Inna, ga motar gyaɗar da na ce miki."

"Sule."

"Na'am, Inna."

"Ni na haife ka ko kai ka haife ni? Tun tana fadama na ji ta. Wannan kukan tun ranar da aka tafi da Habu bai bar kunnena ba."

Alhaji ya sunkuyar da kai, hular ma kamar ta yi masa nauyi. Baffa Ado kuwa dama abin da yake jira ke nan. Ya buga sanda a ƙasa.

"Na faɗa ko ban faɗa ba? Soja ko rawani ya naɗa soja ne! Ka shafa mata ɗawisu ka zo ka yaudari uwarka? A bar ta a ɗakinta, ga sassaƙe can na jiƙa mata."

"Baffa, sassaƙen nan tun bara ake sha!"

"To motar ce za ta warkar da ita?"

Wuri ya kaure. Masu cewa a tafi, masu cewa a bari, wani saurayi har ya fara naɗe hannun riga wai a kama ta kawai a saka. Inna ta ƙanƙame bakin tabarma da hannu biyu. Maigida ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Sauke."

Na fara sakin sarƙa a hankali yadda ya koya min. Ƙarar ta sa aka yi shiru. Gaban matakalar ya sauko, bayan ya biyo, ƙarshenta ya zauna a ƙasa dab da gefen tabarma.

"Me ke nan kuma?" in ji Inna.

Maigida ya cire takalmi ya tsuguna. "Inna, ni ne baƙon da ya zo dubiya kwanaki. Ba zan ɓoye miki ba, motar soja ce, a gwanjo ɗanki ya saye ta. Amma ba wanda zai ɗaga ki. In kin ga dama ki hau da ƙafarki. In ba ki ga dama ba mu naɗe kayanmu mu koma."

Can ta saki tabarmar, ta miƙa hannu tana lalube. Ta taɓa matakin farko, ta shafa robar, ta auna tsayinsa da yatsu. Ta sake aunawa.

"Wannan ai dokin ƙofata ne."

"Shi ne, Inna."

Ta lalubo ƙarfen dama ta girgiza shi, bai motsa ba. "Wa ya gwada muku?"

Na sauko na ce, "Ni ne, Inna. Katako aka ɗaura min a ƙafa."

"Ɗan tashan nan mai ladabin ƙarya? Ka faɗi?"

"Inna, gwiwata ce shaida. Duk faɗuwar da ke jikin matakalar nan na riga na kwashe miki ita, ban rage ko ɗaya ba."

Matan da ke bayanta suka sa mayafi suka rufe baki. Ita ma na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce, "To Tsohuwa, zo ki riƙe 'yar'uwarki." Daga ranar sunan ya samu hatimi, har jikokina da shi suke nemana a waya.

Abin da ya biyo baya kun sha ji a gari: yadda aka ceto ƙafar, da damunan da motar ta yi tana kai Inna Kano tana dawo da ita, da masu naƙudar Achika da ta fitar cikin taɓo, da ayyukan da suka riƙa zuwa garejinmu saboda matakalar nan har Maigida ya yaye ni na buɗe nawa. Duk abin da na ci a sana'ar nan daga wannan aikin ya samo asali, alhamdu lillahi. Abin da ba ku ji ba shi ne yadda gardamar ta mutu.

Na kama ta ta miƙe. Hannun dama a ƙarfe, ƙafa mai lafiya a matakin farko. Sai Baffa Ado ya sha gabanta, ya gitta sandarsa a kan matakalar.

"Yaya! Yanzu motar da ta cinye miki ɗa za ki shiga? Kin manta abin da kika faɗa?"

Inna ta juyo da fuskarta wajen muryarsa.

"Ban manta ba, Ado. Waccan fizge min ɗa ta yi sama kamar buhu, ko sallama ba mu yi ba. Wannan kuwa har ƙofar gidana ta zo ta durƙusa min. Kai da kake ƙanin mijina, yaushe rabonka da durƙusa min? Ɗauke sandarka, ka tare min hanya."